Ja Kusa da Ruwan Ɗorawa

A gidanmu ba a taɓa haihuwar jariri ya kwana cikin bargon kanti ba. Mahaifiyarmu, Inna Kellu, ita ke ɗinka wa kowane jika nasa da hannunta, da ƙyallayen ankon bukukuwa da sunayen da aka yi a dangi. A garin Katagum ta koya wurin kakarta, ta taho da abinta Azare lokacin da aka kawo ta gidan Babanmu. In an fitar da anko, mata na ɗokin abin da tela zai ɗinka musu, ita kuwa tana ɗokin abin da almakashinsa zai zubar ƙasa. Saleh tela na bakin layinmu ya san aikinsa, yakan tara mata a leda ya aiko. Sai ta yayyanka, ta haɗa su su zama fuskar bargo, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ciki don kauri, ta sa shafi a baya, sannan ta bi da allura tana ratsa su gaba ɗaya. In ka ɗauki bargon yaro a gidanmu kana iya nuna masa: wannan na auren uwarka ne, wannan na sunan kawunka.

Ni ce babbar 'yarta, Saudatu. Tun da maigidana ya rasu na dawo gida kusa da ita, kuma ni ce na haddace dokokinta kamar karatun allo. Don dokoki kam Inna na da su. Kowane ƙyalle mai kusurwa huɗu ne, faɗin yatsa huɗu, ba ƙari ba ragi. Farin zare kaɗai ake sawa. Ja ba ya zama kusa da ruwan ɗorawa. Keken ɗinki ba ya taɓa bargo, in ma ka kawo zancen keke sai ta ce ka tashi ka ba ta wuri. Ratsawa daga tsakiya ake farawa a nufo baki. Gefe kuwa da ankon sunan mai bargon ake zagaye shi, shi ne ɗinkin ƙarshe. Na sha warware aikin wuni guda don ƙyalle ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin farce, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Wa ya isa?

Bayan babbar sallah hawan jini ya kayar da Inna a tsakar gida tana alwala. Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo ta daga asibiti, amma ɓarin dama ya shanye, bakinta ya karkace. Likita ya ce hannun bai mutu ba, barci yake yi. In tana motsa shi zai farka, in ta bar shi zai sandare ke nan har abada, maganar ma haka. Aka ba ta wani ɗan ƙwallon roba ta riƙa matsawa.

Ranar da ta dawo masu dubiya sun cika ɗaki. Ta buɗe baki za ta amsa gaisuwa, maganar ta fito a cakuɗe. Wata baƙuwa, ba zan faɗi sunanta ba don tana nan da ranta, ta juyo ta ce da ni da ƙarfi kamar Inna ba ta wurin, “Me ta ce?” Tun daga ranar Inna ta ja gefen mayafinta da hannun hagu ta rufe bakinta, ba ta sake cewa uffan ba. Matar da in ta yi tsawa a tsakar gida kajin maƙwabta ma ke watsewa! Ƙwallon kuwa ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, in na ciro ta sake turawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ɗauko malami ya yi mata nasiha, duk ta saurare mu da ido. Ina kallon yatsun nan suna naɗewa cikin tafinta kaɗan-kaɗan, sai in zagaya bayan madafa in yi kukana inda ba za ta gani ba. Tsoro nake ji, tsoron in wayi gari uwata na raye amma ta tafi.

Ana cikin haka 'yata ta fari ta zo goyon ciki daga Zadawa. Sunanta Hidaya, rubutawa na yi dai, ban faɗa ba. Abin da ke cikinta shi ne tattaɓa-kunnen Inna na farko, ga sanyi na tahowa, ga shi ba bargo. Na ɗauko ledar ƙyallaye na shige ɗakina na saki labule, don a ganina ba abin da zai ci wa Inna rai kamar ta ga allurarta a hannun wani. To amma idona ba na da ba ne, ga girki, ga jinya. Aka kwana biyu ban haɗa abin da zai rufe faifai ba.

A haka Zulaiha ta same ni. Matar ƙanena Ya'u ce, Bafillatana daga wata ruga a bayan Gadau. Ba ta da hayaniya, amma in ta sa kanta abu sai ta ga bayansa. Da yake Inna Babarbariya ce, duk da surukuta akwai wasa tsakaninsu: 'yar Fillo take kiranta, ta ce ai mai wanke mata ƙorai aka kawo. Zulai sai dai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kawo in taya ki.”

“Kin iya ne?”

“Na dai iya riƙe allura.”

“Riƙe allura daban, bargon Inna daban.”

“To ki koya mini. Amma ɗakin nan akwai duhu, mu koma rumfar ƙofar Inna, can haske yake.”

Na ce, “A gabanta? So kike ki ƙarasa ta?”

Ta ce, “Yaya, mu a gida saniyar da ta kwanta ta ƙi tashi ba ma ɓoye mata garke. Ta gabanta ake kora su, ta ga 'yan'uwanta na tafiya.”

“Uwar tawa ce saniya?”

“Ai a wurinmu yabo ne.”

Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni, na rasa wanda zan fara yi. Washegari dai muka shimfiɗa tabarma a rumfa. Inna na jingine da bango, mayafi a baki, kwanon shanta a gefe. Hidaya na can kan kujera ta miƙe ƙafa tana cin aya. Na ɗaga murya na jero wa Zulai dokoki ɗaya bayan ɗaya, ba don ba ta ji a hankali ba, sai don Inna ta san gidanta bai lalace ba. Zulai na ta gyaɗa kai tana “To, Yaya.” Na tashi na duba tukunya, na dawo na tarar ta yanka ƙyallaye masu kusurwa uku ta tara.

“Wannan kuma fa?”

“A haka suka zo daga wurin tela, Yaya. In na mai da su kusurwa huɗu rabi zai tafi a banza. Duba ki gani in an jera, kamar zanen bayan ƙwaryar nonon gidanmu.”

Na saci kallon Inna, ina jiran ko gira ta ɗaga. Ko gezau.

Daga nan abin ya zama kamar an buɗe wa akuya ƙofar lambu. Farin zare ya ƙare mata, ta ci gaba da baƙi, wai ya fi fito da zanen. Rannan na ɗaga inda take aiki, sai ga ja zaune daram kusa da ruwan ɗorawa, kafaɗa da kafaɗa. Na ce ta warware yanzu-yanzu.

Ta ce, “Jan nan ankon aurenmu ne ni da Ya'u, ruwan ɗorawan na auren Hidaya. Kawu da 'yarsa me zai hana su zama wuri ɗaya?”

Na ce, “Wato sana'a ba ta da ƙa'ida ke nan, kowa ya yi abin da ransa ya ba shi?”

“Ni dai a ganina, Yaya, bargo in ya hana sanyi ya yi aikinsa.”

“Buhu ma ai yana hana sanyi, sai mu sa jaririn a buhu.”

Hidaya ta ce daga kan kujerarta, “Umma, ni fa na fi son ɓangaren Anti Zulai, zai fi kyau a hoto.”

Na ce ta ci ayarta, ba da ita ake ba.

Abu ɗaya ne Zulai ba ta yi mini gardama a kai ba. Da muka zo ratsawa na ce daga tsakiya ake farawa, ta shafa zanen, ta ce, “Wannan kam da gaskiyarki, in an faro daga baki zai tattare a ciki.” Har na fara murna ta shiryu. Ashe kafin nan ta riga ta yi mai gaba ɗaya: na juya bayan fuskar bargon don in daidaita shafi, sai ga layin ɗinki miƙaƙƙe sumul, irin wanda ba hannun ɗan Adam da ke yinsa. Ta kai wa maƙwabciyarmu ta bi mata da keke, wai don lokaci ya ƙure.

Na ɗauki bargon na baje shi a gaban Inna na ce, “Inna, dubi abin da aka yi wa aikinki.” Ta daɗe tana kallo, idonta ya bi kusurwa ukun nan, ya bi baƙin zaren, ya tsaya kan ja da ruwan ɗorawa. Sai ta juya fuskarta bango. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya faru, mun kashe ɗan abin da ya rage mata. Ranar na ji na tsani bargon, na tsani Zulai, na kuma tsani kaina da na biye mata. Wuni biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Hidaya ta sauka lafiya wata safiyar Alhamis, aka samu mace. Gida ya cika da barka, aka kawo wa Inna jaririya aka ɗora mata a cinya. Ta kalle ta, hawaye ya gangaro ya jiƙa mayafin, amma hannun hagu bai bar baki ba, na daman ma bai motsa ba.

Dangin mijin Hidaya suka fitar da anko, atamfa mai ruwan hanta da ratsin fari. Ana jibi suna Saleh ya aiko da ragowar yanka, sababbi fil, suna ƙyalli, suna ƙamshin kanti, in ka lanƙwasa har ƙara suke yi. Kowa ya san ba a wanke sabuwar atamfa kafin biki. Wace mace ce za ta kashe ƙyallin zanenta da hannunta tun ba a gan shi ba? Na ce a raina, gefen nan dai ni zan yi shi, kuma bisa dokar Inna, ko ba komai mata su ga bargo na sheƙi ranar suna. Na auna yatsa huɗu na yanka. Na aika aka sayo farin zare. Na zauna dab da Inna, gwiwata na taɓa tabarmarta, don ta ga ko abu ɗaya an yi daidai. Zulai na can gefe tana tsince shinkafa.

Na ɗora ƙyallen farko a bakin bargo, na ɗaga allura. Sai na ji wani abu yana jan zanen ta ƙasa, a hankali, kamar kyanwa na wasa da shi. Na duba. Hannun dama na Inna ne. Ya rarrafo kan tabarma, yatsu biyu sun maƙale gefen ƙyallen suna rawa.

Amma wautata ba ta bar ni ba. Na zaci so take ta taɓa ta ji daɗi. Na ce, “Kin gani, Inna? Yatsa huɗu cif. Sabo dal, ko ruwa bai taɓa gani ba.”

Ta yi wani gurnani a cikin mayafi. Yatsun suka ƙara ja, ƙarfinsu bai kai ba, ƙyallen ya zame. Na mai da shi wurinsa na soka allura.

Sai Inna ta saki mayafin.

“Jiƙa!”

Maganar ta fito a karkace, rabi a baki rabi a hanci. Wallahi saura ƙiris in ce “Me kika ce?” Allah ya taimake ni na cije harshena. Zulai ce ta ajiye faifan shinkafa, ta zo ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta tsoma a kwanon shan Inna, ta ɗan murza. Kafin ka ce kwabo ruwan ya koma kamar zoɓo.

Inna ta ja numfashi, ta tattaro kalmomin ɗaya-ɗaya. “Sabo... zai zuba. Zai tsuke. Ya ja tsoho, ya yage.” Ta dube ni sama da ƙasa irin kallonta na da. “Gishiri. Shashasha.”

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba. Na zauna ina kuka ina dariya, allura a hannu. Bargon jariri kullum cikin wanki yake. Da na ɗinka gefen nan, wankin farko zai rine auren kowa da sunan kowa ya mai da su ruwan hanta. Sai a lokacin na tuna wani tsohon baho da ke bayan madafa. Kullum Saleh ya aiko da leda, da sassafe Inna kan juye ta ciki ta watsa gishiri, kafin mu gama shara ƙyallaye na kan igiya. Ni duk zatona ƙurar shagon tela take wankewa. Ba ta taɓa sa shi cikin dokokinta ba, kamar yadda ba wanda ke kafa dokar a hura wuta kafin a ɗora tukunya.

Da na ga baki ya buɗe, na ce ba zan bari ya rufe ba. Na jawo bargon na nuna mata.

“To Inna, ja kusa da ruwan ɗorawa fa?”

“Ba na so.”

“Shi ke nan dalilin?”

“Shi ke nan.”

“Yatsa huɗu fa?”

Ta ɗaga hannun hagu ta haɗe yatsunta. “Ba ni da tef.”

“Keke fa, Inna?”

Ta kalli gefe, ta daɗe. Can ta ce ƙasa-ƙasa, “Ban iya ba.”

Daga cikin ɗaki muka ji Hidaya ta ƙyalƙyale tana “Wayyo cikina, ku bari!” Ashe mai jego duk tana jinmu. Ni kuwa na tuna yammacin da na sha ina warware ɗinki ƙawayena na can suna gaɗa, na ce, “Haba Inna! Duk warwarar da kika sa ni fa?”

Ta ce, “Kin iya ɗinki... ko ba ki iya ba?”

Gaskiyarta, na iya.

Zulai ta durƙusa tana kwashe ƙyallayen za ta kai baho. Ba ta saba yi wa Inna doguwar magana ba, amma ta ce, kanta a ƙasa, “Inna, ki yafe ni. Rannan da Yaya ta nuna miki kika juya bango, na kasa cin abinci.”

Inna ta kalli kusurwa ukun nan. Ta ce, “'Yar Fillo. Ƙwaryarki... ta yi kyau.” Ta dubi hannunta na dama da ke kwance a tabarma. “Ta yi kyau. Ba hannuna.”

Nan na gane ba don an karya dokarta ta juya bango ba. Ganin an yi bargo a gidanta ba da hannunta ba ne ya ci mata rai. Zulai ta ɗauki ledar ta zagaya bayan madafa, na bi ta da gishiri, muka tsuguna bakin baho muna sauya ruwa har ya daina ja. A nan na ce mata, “Zulai, saniyarki ta tashi.” Ta ce, “Da saura, Yaya, kai kawai ta ɗaga.”

Washegari, ana gobe suna, ƙyallaye sun bushe. Ƙyallin ya tafi, sun yi laushi, sun ɗan tsuke har yatsa huɗun nawa ya koma uku da wani abu. Ban ce a sake yanka ba. Muka zagaye gefe ni da Zulai, ita ta wancan ɓangare ni ta wannan, gida na ta cika da 'yan aikin suna, ana daka ana jajjage. Da ya rage kamar taƙi ɗaya sai Zulai ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta fito da basilla, babbar allurar da Ya'u ke ɗinke buhu da ita, ta naɗa mata tsumma a gindi don ta yi kauri. Ta zura zare, ta durƙusa, ta buɗe yatsun Inna na dama a hankali ta sa musu.

Ta ce, “Inna, ba mu taɓa ganin wani ya rufe bargo a gidan nan ba sai ke.”

Inna ta kalli basillar, ta kalli matan da ke kai da kawowa a tsakar gida. Na ga hannun hagu ya nufi mayafi, na zaci baki za ta sake rufewa. Ashe gyara shi za ta yi a kafaɗa don kada ya tare mata aiki.

Basillar ta faɗi, Zulai ta ɗauka ta mayar. Ta sake faɗuwa, aka sake mayarwa. Ni na riƙe mata zanen na miƙar, ita tana turawa, hagu na taya dama ja. Gumi ya keto mata duk da sanyin da ake yi. Tun hantsi take abu ɗaya har aka yi kiran azahar, sannan ta kai rabin taƙin. Ɗinkin ya fito manya-manya, wani nan wani can, kamar sawun kaza a kan rairayi. Da ni ce na yi shi ina yarinya, da ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Ta ɗaga bargon kusa da idonta ta daɗe tana dubawa. Fuskarta ta ɓaci.

Ta ce, “Warware. Ya karkace.”

Na ce, “Inna, zai zuba?”

“A'a.”

“Zai yage?”

Ta kama da hagu ta ja ta gwada. “A'a.”

“To wannan doka ce, ko ke ce dai ba kya so?”

Ta harare ni. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, da karkataccen bakin nata a buɗe a gaban duk matan da ke tsakar gida, mayafi na kafaɗa ba ta ko neme shi ba. Masu daka suka tsaya da taɓare a hannu suna kallo. Da ta lafa ta goge ido da hagu, ta miƙo mini hannun dama, basilla na rawa tsakanin yatsunta.

Ta ce, “Sa min zare.”